Tsamiya, Toka da Azurfar Kakanninmu

A ganina, tarihin azurfa a Kankiya da Kusada yana hannun tsofaffin mata. Yawancin mundayensu na gado, maƙeran fari ne suka ƙera su da narkakken kuɗi: liyarin Mariya Tereza mai hatimin 1780, da sulallan azurfa na Turawa, waɗanda na tagulla suka fara maye gurbinsu a 1920.

In munduwa ta dushe, akan jiƙa ta a ruwan tsamiya, a cuɗe ta da lallausar toka, a ɗauraye. Azurfa zalla tana jure wannan. Amma kayan kanti, ruwan azurfa kawai aka sha musu. Toka na kankare shi, tagulla ta bayyana.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kafin ku cuɗa, ku tambayi tsohuwa asalin abin.