Jirgin Yaƙi a Kan Tebur: Sana'ar Ƙera Ƙananan Jirage da Abin da Ya Haɗa Ta da Hausawa

Tudun Wadan Zariya tana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, kuma babban ruwan da ke kusa da ita shi ne Kubanni, wanda da rani ba ya ɗaukar ko kwalekwale. Duk da haka, duk wanda ya tashi a unguwar ya san sana'ar ƙanƙanta babban abu. Bayan girbi, yara kan feƙe karan dawa, su yanka ɓargonsa, su haɗa shi da tsinkayen bayansa, su fitar da mota mai ƙafafu da ƙofofi, ko jirgin sama mai fikafikai. Kalmar jirgi ma tun asali ta ruwa ce. Da dogo ya iso Zariya a 1911 sai Bahaushe ya ara wa abin hawan sunan, ya ce jirgin ƙasa, daga baya kuma ya ce jirgin sama.

A Turai, irin wannan aikin ya zama sana'ar manya, mai ƙa'idoji da ma'auni, musamman wajen kwaikwayon jiragen yaƙi na da, masu tafiya da iska. Tarihin sana'ar ya ratsa ta fadar sarakuna da kurkuku da majalisar dokoki, kuma wani reshensa ya taɓa rayuwar Hausawa kai tsaye.

Kashi ɗaya cikin 48

Yin ƙananan jirage tsohon abu ne. A kabarin Meketre, wani babban bafaden Masar da ya rayu kusan shekara 4,000 da suka wuce, an sami jiragen katako da matuƙansu. Amma salon da masu sana'ar ke koyi da shi a yau ya bunƙasa ne a Ingila daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18. Magina jiragen sarki sun riƙa yin samfurin jirgi a kan ma'auni guda: kwatan inci a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 48. Sukan bar ƙasan jirgin babu allunan rufi, domin a ga ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, sa'annan su ƙawata samansa da sassaƙa da ruwan zinariya. Samuel Pepys, sakataren hukumar jiragen yaƙi, yana cikin waɗanda suka tara irinsu. Yau mafi shaharar tarinsu yana gidan tarihin harkokin teku na Greenwich a Landan.

Darajar waɗannan samfura ta wuce ado. Zanen jirage da yawa na wancan zamani ya ɓace, jiragen kansu sun ruɓe ko sun nutse, saboda haka samfurin ne shaidar da ta rage ga mai binciken da ke son sanin siffar jirgin da wurin zaman igoginsa.

Ma'aunin yana da hukunci mai tsanani. In an raba tsawo da 48, faɗin fili ya ragu sau 2,304, girman jiki kuwa sau 110,592. Kuskuren milimita ɗaya a kan tebur ya zama kusan santimita biyar a jirgin gaske. Shi ya sa ake zaɓen katako mai tsauri, mai ƙananan idanu, domin katako mai manyan jijiyoyi yana tona asirin ƙanƙantar abin. Kafintan da ya san bambancin maɗaci da farin katako a ƙarƙashin kurfi zai gane dalilin nan da nan.

Igiya ita ce rabin aikin

Misali mafi sauƙi shi ne Victory, jirgin da Nelson ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa ranar 21 ga Oktoba 1805. An sauke shi ruwa a Chatham a 1765, bayan ya ci itatuwa kusan 6,000. Yana ɗauke da igwa 104 da mutum sama da 800, kuma tun 1922 yake ajiye a busasshiyar tasha a Portsmouth. Benen manyan igoginsa ƙafa 186 ne, wanda a ma'aunin 48 bai kai mita ɗaya da kwata ba. Igiyoyinsa kuwa sun kai kimanin kilomita 42. Mai son kwaikwayonsa da gaske sai ya ɗaura zare kusan mita 875 a kan abin da ke zaune a tebur ɗaya.

Igiyoyin iri biyu ne. Akwai tsayayyu, masu riƙe jigajigan jirgi uku kada iska ta karya su. Waɗannan ana shafa musu kwalta saboda ruwan gishiri, don haka baƙaƙe ne. Akwai kuma masu gudu, waɗanda ake ja a ɗaga filafilai ko a juya su, suna bi ta kan ɗaruruwan 'yan ƙafafun katako masu juyawa. Su ba a cika musu kwalta, domin kada su ƙage, don haka launinsu na ɗanyen zare ne. Wanda ya sa launi ɗaya ga duka biyun ya nuna bai san aikin kowace ba.

Tsarin ɗaurin ma yana bin na jirgin gaske: tsayayyu kafin masu gudu, daga ƙasa zuwa sama, daga ciki zuwa waje, domin in an fara da na waje hannu ba zai sake kaiwa ciki ba. A jikin igiyoyin da ke riƙe jigo daga gefe akan gitta wasu sirara su zama tsanin hawan matuƙa, kowace da ƙullinta a kan kowace igiya. A samfuri, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai santimita ɗaya ba, kuma ƙullin yakan kai dubbai.

Zaren ɗinki ba ya wadatarwa, domin igiyar jirgi tufkakkiya ce: silli uku ake murɗawa gefe guda, sa'annan a haɗa su a murɗa ɗaya gefen, murɗin biyu su riƙe juna. Mai tufka igiyar rama a ƙauyen Zazzau ya san wannan dabara sarai. A Chatham, ɗakin tufkar ya kusa kwatan mil a tsawo. Ƙwararrun masu samfuri sukan ƙera ƙaramar na'urar tufka su yi tasu igiyar, kowace da kaurinta.

Jiragen ƙashi

Daga 1793 zuwa 1815, lokacin yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa da na Napoleon, Birtaniya ta tsare fursunonin yaƙi sama da 100,000, a tsofaffin jirage da kuma gidajen yari irin su Norman Cross, da aka buɗe a 1797, da Dartmoor, da aka buɗe a 1809. A ganuwar Portchester ma an kai baƙaƙen fata da ruwa-biyu sama da 2,000 da aka kamo daga tsibiran Karibiyan a 1796.

Wasu daga cikin fursunonin matuƙa ne, wasu masassaƙa. Suka riƙa tara ƙasusuwan shanu da na tumaki daga abincinsu, su dafa, su kankare, su yanka siraran alluna, su manna a jikin katako da 'yan ƙusoshi. Igiyoyin kuwa daga siliki, da gashin doki, har da gashin mutum. Suna sayarwa a kasuwar gidan yari su sayi abinci da sutura. Da yake daga ka suke aiki, ba daga zane ba, sau da yawa jigajigan kan fi ƙima tsawo, kuma akan ga jirgi mai ƙirar Faransa ɗauke da sunan Ingilishi, domin mai saye Bature ne ɗan Ingila. A yau gidajen tarihi suna alfahari da su.

Samfurin da ya shiga majalisa

Samfurin da ya fi kowane tasiri ba na jirgin yaƙi ba ne. Brookes jirgin bayi ne na birnin Liverpool. Dokar 1788 ta ƙayyade masa mutum 454, alhali a wata tafiya kafin nan ya ɗauki 609. Masu yaƙi da cinikin bayi, cikinsu har da Thomas Clarkson, suka buga zanen cikinsa da mutane jere kamar icen girki. Wurin da aka ware wa namiji baligi shi ne ƙafa shida a tsawo, ƙafa ɗaya da inci huɗu a faɗi. A ma'aunin 48, wannan bai wuce tsawon tsinken ashana ba.

Daga zanen aka yi samfurin katako, William Wilberforce ya kai shi Majalisar Wakilai ya nuna wa 'yan majalisa. Yana nan har yau a gidan tarihin Wilberforce da ke Hull. A Faransa ma Mirabeau ya sa an yi masa irinsa. Adadi a takarda ana iya musunsa, amma abin da mutum ya riƙe a tafin hannunsa yana da wuyar kau da kai. A 1807 Birtaniya ta haramta cinikin, bayan ta daɗe tana kan gaba a cikinsa, a 1808 kuma ta aika jiragen yaƙi su yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Zuwa 1860 rundunar ta kama jirage kusan 1,600, ta 'yanta mutum kusan 150,000. Wannan kaɗan ne daga waɗanda aka ƙetare da su a waɗannan shekaru.

Inda Hausawa suka shigo

Farkon ƙarni na 19 zamanin yaƙe-yaƙe ne a ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa, kuma kamammu da yawa sun gangara kudu zuwa Ikko da Ouidah. Ƙasar Zazzau kanta tana cikin manyan wuraren kamu da riƙon bayi a wannan ƙarni, kuma rumadanta sanannu ne. Daga gaɓar, jirage suka kwashi mutane zuwa Bahia a Burazil, inda Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814, suka kuma shiga tawayen Musulmi na 1835.

Ɗaya daga cikin jiragen wannan hanya shi ne Henriqueta. A Satumba 1827 jirgin yaƙin Sybille ya kama shi da mutum 569 a ciki. Ganin gudunsa, sai sojojin ruwan suka sake masa suna Black Joke, suka mai da shi mafarauci. A Fabrairu 1829, da igwa biyu kacal, ya ci El Almirante mai igwa 14, ya kuɓutar da mutum 466. Da katakonsa ya ruɓe, aka ƙone shi a Saliyo a 1832. Jirgi ɗaya, igiyoyi iri ɗaya, ya yi aikin kamu ya kuma yi na ceto.

Waɗanda aka 'yanta akan sauke su a Freetown, kuma akwai Hausawa a cikinsu. A wurin irinsu ne James Frederick Schön, Bajamushen ɗan mishan, ya tattara kalmomin da ya buga a littafinsa na Hausa a 1843, bayan tafiyar kogin Kwara ta 1841. Abokin tafiyarsa, Samuel Ajayi Crowther, shi ma jirgin yaƙi ne ya cece shi kusa da Ikko a 1822. Sigismund Koelle kuma ya rubuta Hausar mutanen Kano da Katsina a Freetown, ya buga a 1854. Daga waɗannan littattafai rubutun boko na Hausa ya samo tushe. Wannan rubutu ne aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi a Zariya daga 1939, ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, kuma kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 har yau sunansa ne a kan titin da mutanen Tudun Wada ke bi.

Labarin yana da ɗaya fuskar. Rundunar ruwan da ta 'yanta bayi ita ce ta yi wa Ikko ruwan wuta a Disamba 1851, Birtaniya kuma ta mallake garin a 1861. A 1863 wani hafsan ruwa, John Hawley Glover, ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa, yawancinsu bayin da suka tsere. Ita ce ɗaya daga cikin tushen rundunar da Turawa suka yi amfani da ita a Afirka ta Yamma, wadda ta kafa sansani a Zariya a 1902, ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Sojojin Najeriya na yau suna ƙirga tarihinsu daga waccan rundunar ta Glover.

Abin da samfuri ke nunawa da abin da yake rufewa

Yawancin ƙananan jiragen da ke gidajen tarihi a tsabtace suke: filafilai farare, igogi masu sheƙi, babu jini, babu bulala, babu mutum ko ɗaya. Kowane mai ƙira yana yanke shawarar abin da zai bari a buɗe. Magina jiragen sarki sun buɗe ƙasan jirgi don a yaba gwanintarsu. Fursunonin Faransa sun ƙara wa jigo tsawo don a saya. Clarkson da abokansa sun cire rufin bene don a ga mutanen da ke kwance.

Ɗalibin Zariya yakan karanta cinikin bayi na teku a matsayin abin da ya sami mutanen gaɓa kaɗai, alhali akwai 'yan Kano da Katsina a ƙarƙashin waɗannan benaye. Ma'aunin Brookes da zanensa a buge suke, lissafin kashi ɗaya cikin 48 bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kafintoci da masu tufka kuma suna nan a unguwa. Makarantar da ta sa ɗalibanta suka yanka kara 454, kowane tsawon tsinken ashana, suka jera su a cikin jirgin katako, ta koyar da lissafi da sana'a da tarihin da ya shafi kakanninsu a darasi guda.