Tarihin Ɗakin Huce Haushi: Ka Biya Kuɗi Ka Fasa Kaya

Yau zan ba ku tarihin wata sana'a da in ka gaya wa kakarka za ta ce duniya ta zo ƙarshe: mutum ya biya kuɗi, a sa masa hular kwano da safar hannu, a miƙa masa guduma, a rufe shi a ɗaki da tsofaffin talabijin da faranti da kwalabe, ya yi ta farfasa su har ya gaji. Turawa suna ce masa rage room, ni kuma na sa masa ɗakin huce haushi.

Tunanin ya girmi ɗakin nesa ba kusa ba. A 1895 wasu likitoci biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Josef Breuer da Sigmund Freud, suka fitar da littafi a kan marasa lafiyar da suke dubawa. Abin da suka ce shi ne, ɓacin ran da mutum ya danne ba ya ɓacewa, yana nan yana cin sa har ya zama ciwo, maganinsa a fito da shi. Daga nan mutane suka riƙa kallon fushi kamar tukunyar da ke tafasa a rufe, ko ka ɗaga murfi ko ta yi ambaliya. A 1970 wani masani a Amurka, Arthur Janov, ya zo da nasa salon, wai ka kurma ihu iya ƙarfinka ka amayar da baƙin cikin yarinta. Har mawaƙin nan John Lennon sai da ya je wurinsa.

Shekarar da abin ya zama kasuwa ita ce 2008, kuma ku lura da shekarar, lokacin ne tattalin arzikin duniya ya karye, mutane suna rasa aiki da gidaje. A Tokiyo aka buɗe wani wuri mai suna The Venting Place, inda ma'aikaci zai sayi kofi ko faranti ya maka shi da bangon siminti. A San Diyego wata mata, Sarah Lavely, ta buɗe nata shagon. A Dalas kuma, Donna Alexander ta fara a garejin gidanta, tana tara tarkacen da mutane suka yar, tana karɓar dala 5 daga abokai da abokan aiki. Kafin ta ankara baƙi sun fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. A ƙarshen 2011 ta kama wuri na musamman ta sa masa suna Anger Room. Daga nan abin ya bazu Turai da Asiya, bidiyon waya kuma ya yi masa talla kyauta, don kowa yana son ya ga gilashi yana tarwatsewa.

Ya iso Najeriya ma. A Legas akwai Shadow Rage Room, wanda a 2024 ake biyan naira 7,500 na minti 30.

To amma yana aiki? A nan labarin ya fi daɗi. Tun 1959 aka yi wani gwaji: aka ci mutuncin mutane da gangan, sai aka ba rabinsu ƙusa da guduma su yi ta bugawa na minti goma. Waɗanda suka buga ƙusar sun fi sauran jin haushin wanda ya zage su. A 2002 Brad Bushman ya maimaita irin wannan da ɗalibai kusan 600. Kowa ya rubuta ɗan sharhi, aka mayar masa da shi da mummunar suka. Wasu aka ce su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya soke su, wasu su naushe shi da niyyar motsa jiki, wasu kuma su zauna shiru kawai na minti biyu. Daga baya aka ba kowa dama ya aika wa mai sukar ƙara mai tsanani a kunne. Waɗanda suka yi naushin suna tuna mutumin su suka fi fusata, su suka fi tsananta ƙarar. Waɗanda suka zauna shiru su suka fi hucewa.

A 2024 Bushman da Sophie Kjærvik suka tattara bincike 154 da suka shafi mutane sama da 10,000. Sakamakon bai canza ba. Abin da ke rage fushi shi ne abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali da sakin gaɓoɓi. Gudun motsa jiki ma, wanda kowa ke yabo, sun ga yakan ƙara wa mai fushi fushi. Wanda ya tashi yana jin nasihar malamai cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala, ba zai yi mamaki ba.

Ni dai ban ce daɗin da mutane ke ji ƙarya ne ba. Ka yi gumi, ka yi dariya da abokai, ka karya dokar da aka ɗora maka tun kana yaro ta kada ka fasa kwano. Matsalar ita ce mai gidan haya yana nan, ogan da ya wulaƙanta ka ma yana nan, huce haushin kaza a kan dami kawai ka yi. Kuma jikin da ya saba cewa in rai ya ɓaci hannu zai motsa, wata rana ba a ɗakin haya ran zai ɓaci ba.

Abin da ke ba ni dariya, iyayenmu mata suna da nasu tun tuni. Uwargida ta ɗauki taɓarya ta hau turmi da ƙarfi, tana waƙar daka tana yi wa kishiya habaici. Sai dai ita saƙonta yana isa kunnen wadda aka yi domin ta, in ta gama kuma ga garin tuwon dare a ƙwarya.