Pedro Linares, mai sana'ar takarda da ya ƙirƙiro dodannin alebrije

Pedro Linares López (1906–1992) mai sana'ar hannu ne ɗan ƙasar Meziko, wanda ya yi suna wajen ƙirƙirar alebrije, wato mutum-mutumin dabbobin almara masu launuka iri-iri da ake haɗawa da takarda.

An haife shi a birnin Meziko ranar 29 ga Yunin 1906, kuma a wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar gidansu. Akan ɗaure ƙashin siffa da kara ko waya, a lulluɓe shi da takardun da aka shafa wa gam, idan ya bushe sai a yi masa fenti. Da wannan aiki yake ci da iyalinsa, musamman mutum-mutumin Yahuza da Kiristocin ƙasar ke ƙonawa a lokacin bikin Ista.

A shekarar 1936, yana da shekara 30, ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Kamar yadda shi da iyalinsa suka riƙa ba da labari, a cikin zafin ciwon ya yi mafarkin wani daji cike da halittu masu ban tsoro: jaki mai fukafukai, zakara mai ƙahonin sa, zaki mai kan gaggafa, duk suna ihu da kalma guda, "alebrije". Da ya samu sauƙi, sai ya fara ƙera abin da ya gani.

Fitattun masu zane Diego Rivera da Frida Kahlo na cikin waɗanda suka sayi ayyukansa. Amma sunansa bai ƙetare iyakar ƙasar sosai ba sai bayan fim ɗin da Judith Bronowski ta shirya a kan rayuwarsa a 1975. A 1990 gwamnatin Meziko ta karrama shi da lambar yabo ta ƙasa a fannin fasahar gargajiya. Ya rasu a watan Janairun 1992, 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da sana'ar.

Wani abin lura shi ne, yawancin alebrijen da baƙi ke saye a yau ba na takarda ba ne. Masassaƙan jihar Oaxaca, waɗanda Manuel Jiménez ya buɗe wa hanya, suna sassaƙa nasu da icen copal, har sunan ya bi su, wasu ma suka ɗauka a can abin ya samo asali. Tun 2007 ake yin jerin gwanon manya-manyan alebrije na takarda a titunan babban birnin ƙasar.