Kalmar "Naci" da Ƴan Uwanta a Rubutun Labaru: Misali daga Tarihin Damargu

Rubutun labaru da Hausar boko ya kafu sosai tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A Nijar kuwa ya bi sawun aikin yaƙi da jahilci da aka soma a farkon shekarun 1960, da taron daidaita haruffa na Bamako a 1966. Tun daga lokacin manema labaru ke fama da matsala guda: wace kalma ta dace da wanda ya ƙi sakin abin da ya riƙe?

Hausa tana da kalmomi aƙalla huɗu a nan, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. "Naci" maimaita abu ne ba gajiyawa, yana iya zama yabo ko zargi, domin mai naci yakan gundiri mutane. Karin magana ma ya ce naci damben kuturu. "Dagewa" tsayawa ce a kan matsayi guda. "Turjiya" kuwa an fi jin ta game da dabbar da ta kafe ƙafa ta ƙi jan igiya, saboda haka tana ɗauke da ƙamshin gardama. "Jajircewa", wadda ta yawaita a labarun rediyo, kusan kullum yabo ce.

Tarihin Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na yau, ya nuna nauyin wannan bambanci. Ayarin Foureau da Lamy ya ratsa ƙasar a ƙarshen 1899, ya isa Zinder cikin Nuwamba. Kawusan, ɗan ƙabilar Ikazkazan da aka haifa a Damargu wajen 1880, ya ƙi mulkin Faransa, ya yi ƙaura gabas, ya haɗa kai da Sanusiyya, sa'an nan ya komo ya tsare Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ya rasu a Fezzan a 1919 bai miƙa wuya ba. Idan aka rubuta cewa ya turje, an ɗauki idon mai riƙe da igiya ke nan, wato Nasara. Idan aka ce ya jajirce, an yanke masa hukuncin jarumta kafin mai karatu ya auna ɓarnar da yaƙin ya jawo wa Abzin. "Dagewa" ce ta fi kusa da faɗin abin da ya auku tsurarsa.

Manomin Damargu kuwa sha'aninsa dabam. A ƙasar da ruwa ke yankewa bayan shuka, yakan sake shuka hatsi sau biyu ko uku a damina ɗaya, kuma ya ga fari irin na 1973 da na 1984. Ba wanda yake ja da shi balle a ce ya turje. Maimaitawa ce aikinsa. A nan "naci" ta zauna daram, zarginta kuma ya faɗi.

Abin lura ga masu tsara littattafan koyon karatu shi ne, sabon makaranci yakan ɗauki abin da ya gani a takarda tamkar hukunci. Ya kamata a koyar da kalmomin huɗu tare, kowace da jimlarta, a kuma horar da marubuta su tambayi kansu abu biyu kafin su zaɓa: shin maimaitawa ake nufi ko tsayawa, kuma da idon wa ake kallon lamarin?