Ƙarin RAM a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka: Abubuwan da ke hana ta tashi da yadda ake gano su

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai, malamai da masu shagunan buga takardu a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo na Jihar Kano na hannu ne, waɗanda aka yi aiki da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su. Buƙatarsu ta ƙaru tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Idan irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, shawarar da aka fi bai wa mai ita ita ce ya ƙara mata RAM.

Ga mazaunin Daura, wato mazaɓar da ke cikin Karaye ba Daurar Jihar Katsina ba, sayen RAM kan nufi tafiya birnin Kano, zuwa titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. Idan ya dawo gida ya saka, kwamfutar ta ƙi tashi, asarar ta haɗa da kuɗin mota da yini guda, wani lokaci har da kwamfutar, domin wasu kan ɗauka ta mutu su sayar da ita a wulaƙance. Alhali a mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau: ko dai RAM ɗin bai dace da ita ba, ko bai zauna daidai a gurbinsa ba.

Nau'o'in RAM da alamominsu

RAM ma'adana ce ta wucin-gadi, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa a wannan lokacin. Da zarar an kashe ta, komai ya goge. Saboda haka sauya RAM ba ya taɓa takardu da hotunan da ke rumbun ajiya na dindindin.

Nau'i uku aka fi samu a tsofaffin kwamfutoci, kuma takardar da ke liƙe a jikin kowanne tana bayyana shi. DDR2 na ɗauke da alamar PC2, yana da haƙora 200, yana aiki da bolt 1.8. DDR3, wanda ya fito a 2007, alamarsa PC3, haƙoransa 204, bolt 1.5. DDR4 na 2014 kuwa alamarsa PC4, haƙora 260, bolt 1.2. Kowane nau'i yana da giɓi a tsakanin haƙoransa a wuri daban, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Idan RAM ya ƙi shiga, ba a tilasta masa, domin karya gurbin ya fi komai tsadar gyara.

Tarkon da ya fi kama mutane yana cikin DDR3 ne. Akwai ƙaninsa DDR3L, mai alamar PC3L, wanda ke aiki da bolt 1.35. Girmansu da giɓinsu ɗaya ne, kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa. Sai dai kwamfutocin da ke ɗauke da firosesar Intel zubi na huɗu, waɗanda suka fara fitowa a 2013, irin su Lenovo ThinkPad T440 da HP EliteBook 840 G1, PC3L suke buƙata. Idan aka saka musu PC3 zalla, galibi ba sa tashi. Shi kuwa PC3L yakan yi aiki a yawancin kwamfutocin da suka girme su.

Idan fanka na juyawa amma fuska ta yi baƙi

Abin da ake fara zargi shi ne zaman RAM ɗin. Ana kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Sannan a zura RAM ɗin a karkace har haƙoransa su kusa ɓacewa cikin gurbi, a danna shi ƙasa har maƙallan gefe biyu su kama shi. Idan har ana hango rabin haƙoran, bai zauna ba.

Idan hakan bai yi ba, sai a gwada ɗaya bayan ɗaya. A mayar da tsohon RAM shi kaɗai. Idan ta tashi, an tabbatar kwamfutar na da rai. A saka sabon shi kaɗai a gurbi na farko, sannan a na biyu. Da wannan ake bambance lalataccen RAM da lalataccen gurbi, da kuma yanayin da kowannensu ke aiki shi kaɗai amma sun ƙi zama tare.

Wasu kwamfutocin suna faɗin abin da ke damunsu. ThinkPad kan yi ƙara sau ɗaya, sai uku, sai uku, sai ɗaya idan matsalar ta RAM ce. A tsofaffin HP da dama, fitilar Caps Lock kan ƙifta sau uku. Dell kuma kan tsaya da saƙon cewa adadin ma'adanar ya sauya, tana jiran a danna F1. Wannan sanarwa ce kawai, ba matsala ba.

Akwai kuma batun baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikin RAM. Kwamfutocin wajejen 2010 masu firosesar Core i5 zubi na farko, irin su ThinkPad T410 da EliteBook 8440p, ba sa wuce gigabait 8, wato 4 a kowane gurbi. Ko mai gigabait 4 ɗin ma, wanda suka fi karɓa shi ne mai alamar 2Rx8, mai ƙwayoyi 16, takwas a kowane gefe. Na baya-bayan nan mai alamar 1Rx8 da ƙwayoyi 8 sau da yawa ba ya aiki a cikinsu, ko da lafiyarsa ƙalau.

Idan ta tashi amma ba ta ga duka ba

Mutum kan saka gigabait 8 amma Windows ta nuna 3 da ɗoriya kaɗai take amfani da su. A nan a fara duba BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da F1, F2 ko F10 lokacin kunnawa, gwargwadon kamfani. Idan BIOS ta ga 8, to matsalar daga manhaja take.

Windows mai bit 32 ba ta iya sarrafa fiye da gigabait 4, kuma daga ciki ana ware wani kaso ga sauran sassan kwamfutar. Maganin shi ne a ɗora mai bit 64, bayan an kwashe muhimman takardu. Windows 7 Starter, wadda ta zo a kan ƙananan kwamfutocin wancan zamani, ta tsaya a gigabait 2. Wani lokaci kuma wani ne ya taɓa saka iyaka a cikin msconfig, a gurbin da aka rubuta Maximum memory; cire alamar da sake kunnawa ya wadatar. Idan ɗan kaɗan ne ya yi ƙasa, sashen nuna hoto ne ya ara, kuma haka aka tsara shi.

Idan BIOS ɗin kanta rabi ta gani, ko dai ɗaya bai zauna ba, ko an kai iyakar da aka ƙera kwamfutar da ita. ThinkPad T60 ta 2006, alal misali, gigabait 3 kawai take amfani da su ko an saka mata 4. T440 kuwa ta zo da gigabait 4 a manne da allonta da gurbi ɗaya tak, don haka iyakarta 12.

Idan tana aiki tana tsayawa

Shuɗin allo, daskarewa ko sake kunna kai bayan ƙarin RAM alamu ne na RAM mai rauni ko biyu da ba su jitu ba. Bambancin gudu shi kaɗai ba ya cika kawo wannan: idan aka haɗa PC3-12800 da PC3-10600, dukansu kan koma gudun na ƙasa. Windows tana da manhajar gwaji a cikinta, wadda ake buɗewa da rubuta mdsched. MemTest86, wadda ake ɗorawa a filas, ta fi zurfafa bincike amma tana ɗaukar sa'o'i, don haka a tanadi cikakken caji ko sola saboda ɗaukewar wuta. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujjar mayar da RAM ga wanda ya sayar.

Hunturu da ƙura

A lokacin hunturu, busasshiyar iska kan sa lantarki ya taru a jikin mutum, irin wanda ke tartsatsi idan an cire rigar sanyi. Wannan na iya lalata RAM ba tare da an ga alama ba. Don haka a taɓa ƙarfe kafin a fara aiki, a riƙe RAM ta gefensa, kada a ɗora shi kan bargo ko kafet. Ƙurar da ta cika gurbi ana kore ta da busasshen burushi mai laushi, ba da hurawa da baki ba. Haƙoran da suka dushe kuma a goge su a hankali da abin goge fensir, a kakkaɓe ɓurɓushin.

Kafin a biya kuɗi

Hanya mafi sauƙi ga mai zuwa daga nesa ita ce ya tafi da kwamfutar da cajarta, a saka RAM ɗin a gabansa, ya ga adadin a BIOS da kuma cikin Windows. Idan hakan bai yiwu ba, ya ɗauki hoton takardar tsohon RAM ɗin da lambar samfurin kwamfutar, ya ƙirga gurabenta, ya kuma yi yarjejeniyar canji da mai shago a rubuce a kan rasit. Tsohon RAM ɗin a adana shi, domin shi ne abin gwaji idan wata matsala ta taso.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da ƙarin zai yi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar firosesar Intel zubi na takwas ko sama da haka, sharaɗin da ƙarin RAM ba ya cikawa. Haka nan, kwamfutar da ta riga ta kai gigabait 8 amma har yanzu tana jan ƙafa wajen tashi, yawanci tsohon rumbun ajiyarta mai juyawa ne ke riƙe ta, kuma sauya shi da SSD ya fi ƙarin RAM amfani.