Yadda Majalisa Ta Samu Bakin Magana a Kan Soja

Ɗan majalisar da mutanen Fakku da sauran mazaɓar Kebbe da Tambuwal ke turawa Abuja yana da hurumin zama a kwamiti, a kira hafsan soja a tambaye shi inda kuɗin makamai suka shiga. Iyayenmu sun daɗe ba su ga haka ba. Tun 1966, duk juyin mulkin da ya tarar da majalisa, ita yake fara rushewa. Haka aka yi a ƙarshen Disambar 1983 da aka kifar da Shehu Shagari, ɗan nan kudancin Sakkwato, haka kuma Abacha ya yi a Nuwambar 1993.

Kundin tsarin mulkin 1999 ne ya maido da linzamin. Sashe na 5 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince, ya kuma hana kai soja fagen daga a waje sai da yardar Majalisar Dattawa. In abin gaggawa ne, ya tura, amma ya nemi izini cikin kwana 7. Sashe na 88 ya ba su ikon bincike, jakadu ma sai dattawa sun tantance.

Rubutu daban, aiki daban. Sai a 2013 wata babbar kotun tarayya ta yanke cewa naɗa hafsoshin tsaro ba da amincewar majalisa ba haramtacce ne.

Ranar 20 ga Nuwambar 2014 kuwa ɗan majalisarmu ne a tsakiyar rigima. Majalisar Wakilai ta katse hutu don duba buƙatar Shugaba Jonathan ta tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa. Kakakinta, Aminu Waziri Tambuwal, bai yi wata guda da komawa APC ba. 'Yan sanda suka garƙame ƙofa, suka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisa da manyan rigunansu suna haura ƙyauren ƙarfe. Ba a tsawaita dokar ba. Siyasar jam'iyya ta fi yawa a lamarin, gaskiya, amma majalisa ta nuna tana iya hanawa. A Agustan 2023 ma, bayan juyin mulkin Nijar, dattawa sun ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja, suka ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya, don sun san garuruwan da wutar za ta fara ci.

Inda hannun majalisa bai kai sosai ba shi ne leƙen asiri. Hukumomin DSS, NIA da DIA dokar soja ce ta Babangida ta kafa su a 1986, kuma sashe na 315 ya kulle dokar a cikin kundin, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Ranar 7 ga Agustan 2018 jami'an DSS da fuskoki a rufe suka tare ƙofar majalisar kanta. Wanda ya sallami shugaban hukumar a ranar mukaddashin shugaban ƙasa ne, Yemi Osinbajo.