Anini Huɗu da Ruwan Tiga: Nazari kan Muƙamin Cikakken Janar a Nijeriya

Gabatarwa

A rundunar sojojin ƙasa ta Nijeriya, hafsa yana shiga sahun manya ne da muƙamin Birgediya Janar mai anini ɗaya, sai Manjo Janar, sai Laftanar Janar, sannan cikakken Janar mai anini huɗu. Akwai Fil Mashal a can ƙololuwa, amma har yau ba a taɓa liƙa wa kowa shi ba. Wannan maƙala tana kafa hujja ne cewa darajar muƙamin nan ta dogara ga hannun da ya bayar da shi da kuma aikin da aka keɓe masa. Za a gwada hujjar da tarihin manyan janar-janar biyu na Kano, wato Murtala Muhammed da Sani Abacha, da kuma aikin noman rani na Kura da Bunkure, wanda aka haifa a zamanin soja.

Yadda aka riƙa hawa

Kafin 1999, kujerar mulki ce mafi gajeriyar hanya zuwa anini huɗu. Yakubu Gowon yana Laftanar Kanar ya karɓi ƙasa a 1966, ya zama Manjo Janar a 1967, ya kai cikakken Janar a 1971. Abdulsalami Abubakar yana Manjo Janar ranar da Abacha ya rasu a watan Yunin 1998, hawansa mulki ke da wuya sai ga shi da anini huɗu. A wancan zamani, wanda ke riƙe da gwamnati shi ne ke riƙe da alƙalamin ƙarin girma, har da na kansa.

Murtala Muhammed yana Birgediya aka naɗa shi shugaban ƙasa a Yulin 1975. A Janairun 1976 ya tsallake matakai biyu ya zama Janar, aka ɗaga Olusegun Obasanjo da Theophilus Danjuma zuwa Laftanar Janar. Masu nazarin tarihin soja suna lissafa wannan ƙarin girma cikin abubuwan da suka hura wutar gaba a bariki, domin ya bar Manjo Janar Iliya Bisalla a ƙasa da Danjuma. Ranar 13 ga Fabrairun 1976 aka kashe Murtala a Legas a yunƙurin juyin mulkin da wani hafsa mai suna Dimka ya jagoranta, daga baya aka harbe Bisalla bisa laifin hannu a ciki.

Sani Abacha kuwa shi ne hafsan sojan ƙasa na farko da ya kai cikakken Janar ba tare da tsallake mataki ko ɗaya ba, ya kuma samu muƙamin tun 1990, kafin ya ƙwace mulki a Nuwamban 1993. Duk da haka, Murtala da ya tsallake matakai shi ne ke kan takardar naira ashirin, alhali har gobe ana sa-in-sa kan gadon Abacha: wasu na tuna ayyukan asusun PTF, wasu na tuna rataye Ken Saro-Wiwa a 1995 da kuɗaɗen da aka yi ta dawowa da su daga Suwizalan. Ke nan bin matakai kaɗai ba ya wanke hafsa. Abin da ya haɗa su biyun shi ne babu wata hukuma a samansu da za ta ce su tsaya.

Hujjar masu begen soja

Wanda ya tsaya a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ya ga kwanduna jere a bakin titin Kano zuwa Zariya ana lodin manyan motoci, ko ya shiga Kura ya ji ƙarar injinan casar shinkafa, zai gane dalilin da wasu dattawa ke cewa soja ne suka yi aiki. Maganarsu tana da tushe. An kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gowon. Ruwanta ne ke bin babbar magudana ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam, a shirin da aka tsara wa kashinsa na farko kimanin hekta 22,000. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke kula da aikin an kafa ta ne a 1976, ita ma da dokar soja. Haramta shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya cika waɗannan filaye da alkama a lokacin sanyi.

To amma wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma begen yana ɓoye abubuwa biyu. Na farko, mutumin da ya tsaya tsayin daka kan Tiga, Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kwamishinan 'yan sanda ne, ba janar ba. Abin da ya yi aikin shi ne hangen nesa, da kuɗin man fetur na lokacin, da injiniyoyi, har da na kamfanin NEDECO na ƙasar Holan. Na biyu, umarni daga sama yana iya tare kogi, amma ba ya sauraren na ƙasa. Bayan Tiga da madatsar Challawa ta 1992, ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman can suka biya kuɗin shawarar da ba a yi da su ba. A cikin Kura ma, manomin da ke ƙarshen magudana ya san cewa yashe laka, da nome ciyawa, da rabon ruwa bi da bi, aikin ƙungiyar masu amfani da ruwa ne da ma'aikatan hukuma, kuma sai da shawara yake yiwuwa.

Tsarin yau da darasin maƙwabta

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora Shugaban Ƙasa a matsayin Babban Kwamandan Askarawa, sashe na 218 kuma ya ba shi ikon naɗa manyan hafsoshi. Bisa al'adar da ta kafu, anini huɗu na Babban Hafsan Tsaro ne, kamar yadda aka gani ga Gabriel Olonisakin da Lucky Irabor da Christopher Musa. Kowannensu farar hula ne ya naɗa shi, kowannensu kuma ya miƙa ofis da aka ce lokaci ya yi.

Wannan abin riƙewa ne idan aka dubi nahiyar. Idi Amin ya naɗa kansa Fil Mashal a 1975. Idriss Deby na Chadi ya karɓi sandar Mashal a 2020, ya rasu a fagen daga a Afrilun 2021, ɗansa ya gaje shi ta hannun majalisar soja. A Nijar, Abdourahamane Tiani ya samu muƙamin ƙoli na rundunar a Maris ɗin 2025, ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa. A duk waɗannan, mulki ne ya jawo muƙami.

Kammalawa

Hanya biyu ce ke kare martabar cikakken Janar. Ta farko, muƙamin ya ci gaba da zama manne da ofis guda mai wa'adi, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati da sa idon majalisa. Ta biyu, a auna mai shi da aikin da kundi ya ba shi, wato tsaron ƙasa. Manomin Bunkure ba ya buƙatar janar ya raba masa ruwa ko taki. Buƙatarsa ita ce direban da ya ɗauki tumatirinsa ya ratsa hanyar Kaduna lafiya, ya kai Legas kafin kayan su ruɓe. Nan ne ya dace malamai da 'yan majalisa su riƙa yi wa mai anini huɗu hisabi.